Tsohuwar 504: abin da ya kamata ku sani kafin a kai ta wurin 'yan gwangwan

A Amurka akwai mutanen da sana'arsu ita ce farfaɗo da motocin tsere na da. Gasar Trans-Am da aka fara a 1966 ta sa sharaɗin kada inji ya wuce lita 5, kuma sai kamfani ya sayar wa jama'a irin motar da yake tsere da ita. Daga nan aka samu Camaro Z/28 a 1967 da Mustang Boss 302 a 1969. Yau mai sayen irinsu yakan fara duba lambar inji da ta jikin mota, ya tabbatar tare suka fito daga masana'anta, domin a nan darajar take.

Mu ma muna da tamu, sai dai mun ɗauke ta motar dako. Ita ce Peugeot 504, Fijon da ta sha ɗaukar albasa da fasinja daga Illela, ta bi ta Araba zuwa Birnin Ƙonni. Ta fito a Faransa a 1968. A 1975, shekarar da masana'antar PAN ta fara haɗa motocin Fijo a Kaduna, 504 ta cinye tseren Safari na Kenya a hannun Ove Andersson, ta cinye na Maroko a hannun Hannu Mikkola, ta ƙara da na Bandama a Kwaddibuwa. Ƙarfin ƙafa da jure rami ne suka ba ta nasara, kuma su ne suka sa direbobin bakin iyaka suka riƙe ta shekaru da dama.

Lallaɓa mota daban, dawo da ita yadda take daban. Bakanikenmu gwani ne wajen lallaɓawa: a ɗaure da waya, a dasa kafireton wata mota, a kama hanya. Mai son gyara na gaskiya kuwa daga ƙarƙashi zai fara. A ɗaga ta, a duba inda lodi ya tsaga ƙarfe, musamman wajen sifirin na baya a akori-kura da wagon. Tsatsa ba ta cika cin motocin yankinmu ba kamar na kudu, kuma wannan babbar sa'a ce. Abokan gabarta a nan zafi ne da ƙura. Rana tana busar da robobi da wayoyin lantarki, ƙurar hunturu tana shiga inji idan matatar iska ta lalace ta cinye zoben fistin, ruwan rijiya kuma yana toshe lagireto har mota ta riƙa tafasa, gasket ya ƙone.

Kada a yi gaggawar fenti. Fanalbita mai cika foti yana ɓoye ciwo ne kawai, bayan damina biyu ya fashe.

Abin da ya fi damuna shi ne jefar da inji na asali. Injin nan mai silinda 4, kusan lita 2, ba shi da kwamfuta, kuma ana iya yi masa garambawul a gareji na gari. Ko kun sa wani don neman abinci, ku adana tsohon a inuwa, ku toshe bakunansa da tsumma, ku ajiye takardun motar tare da lambobinta. Kayan gyara suna nan tukuna a kasuwannin Kano da Kaduna da kuma tsallaken iyaka, amma tun da aka daina haɗa 504 a Kaduna, duk wadda aka yanka aka auna a sikeli ta rage yawan fitilu, gilasai da ƙofofin da za a samu gobe.