Gaɓar Madatsar Ruwa ta Goronyo: Abin da mai niyyar ziyara ya kamata ya sani

Masu yawon buɗe ido sukan kashe kuɗi masu yawa domin ganin baƙin rairayin bakin teku a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya, ko a Limbe da ke gindin Dutsen Kamaru. Baƙin ya samo asali ne daga narkakken dutsen da duwatsu masu aman wuta suka fitar, ya huce, igiyar ruwa ta daddake shi tsawon zamani. Ƙasar Sakkwato ba ta da irin wannan dutse, teku kuma ya yi mata nisa. Sai dai wanda ke marmarin tsayawa a gaban ruwan da da ƙyar ido ke hango ƙarshensa, zai same shi a Madatsar Ruwa ta Goronyo, kimanin kilomita 90 daga birnin Sakkwato.

An gina madatsar a kan Gulbin Rima, kusa da ƙauyen Keta. An kammala aikin a 1984, aka ƙaddamar da ita a 1992. Bangon ƙasar da ya tare ruwan yana da tsayin mita 21, jimillar tsawonsa kuma kilomita 12.5, tafkin kuwa yana iya ɗaukar ruwa sama da kubik mita miliyan 900. Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ce ke kula da ita. Ruwan da ake saki daga nan shi ke shayar da gonakin rani na fadamar Rima, yana kuma cikin abin da famfunan Sakkwato da Birnin Kebbi suka dogara da shi.

Abin da baƙo zai gani

Lokacin zuwa shi ke yanke abin da ido zai tarar. Da kaka, bayan Gagare da Bunsuru da Gulbin Maraɗi sun juye ruwan damina cikin Rima, tafkin yakan cika ya tumbatsa. Da hunturu hazo kan rufe ɗaya gaɓar, sai a ga kwale-kwalen masunta kamar a tsakiyar teku suke, suna dawowa da karfasa da tarwaɗa. A ƙasan madatsar kuma gonakin albasa da tafarnuwa da shinkafa sun yi kore shar, alhali tudu ya bushe ƙurmus. Da bazara ruwan kan janye, ya bar filin laka da rairayi da tsibirai ƙanana inda balbela ke sauka.

Wannan hauhawa da sauka tana da illarta. A Satumbar 2010 ruwa ya fi ƙarfin madatsar, ambaliya ta cinye ƙauyuka da gonaki, ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A 2018 kuwa ruwan ya ragu har ya koma kusan kashi 10 cikin 100, aka shiga fargabar ƙarancin ruwan sha a Sakkwato.

Tekun da ya ƙafe

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, masana ilimin duwatsu sun tabbatar da cewa kimanin shekara miliyan 70 da suka shuɗe, wani teku marar zurfi ya ratso Sahara ya rufe wannan yanki. Shimfiɗun dutsen da ya bari suna ɗauke da sunayen garuruwan nan a littattafan kimiyya: Taloka da Dukamaje da Wurno. A cikinsu aka tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku mai kama da kada, wadda a 1972 masana daga Italiya suka raɗa wa suna Goronyosaurus, domin tunawa da gundumar da aka same ta. Ke nan tuddan da matafiyi ke wucewa a hanyar Goronyo, laka da rairayin wancan teku ne da suka daskare.

Tafiyar tana kuma ratsa tarihin Daular Usmaniyya. Wurno ribaɗi ne na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a can ya rasu a 1837, hubbarensa kuma yana nan ana ziyarta. Rabah kuwa ita ce mahaifar Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello.

Kafin a ɗaura niyya

Tsaro shi ne tambaya ta farko. Gabashin Sakkwato ya daɗe yana fama da 'yan bindiga, kuma a Oktoban 2021 sun kashe mutane da dama a kasuwar Goronyo. Kada kowa ya kama hanya sai ya tuntuɓi wanda ke zaune a yankin a ranar tafiyar. A fita da hantsi, a juyo kafin la'asar sakaliya, a tsaya kan babbar hanya. Keɓaɓɓen wurin da babu kowa, wanda masu yawon bakin teku ke nema a wasu ƙasashe, a nan shi ne abin gudu.

Na biyu shi ne ruwan kansa. A Agustan 2025 wani kwale-kwale ɗauke da mutum fiye da 50 ya kife a hanyarsa ta zuwa kasuwar Goronyo. Kada a shiga jirgin da aka cika maƙil, kada kuma a shiga ba tare da rigar kariya daga nutsewa ba. A hana yara wanka a gefen tafkin, domin dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya yana rayuwa a irin wannan ruwa marar gudu.

Daga ƙarshe, madatsar wurin aiki ce ta gwamnati. Mai son hawa bangonta ko ɗaukar hoto a ƙofofin sakin ruwa ya nemi izinin ma'aikatan hukumar tukuna. Ya kuma kwashe ledojinsa da robobinsa ya tafi da su, tunda ruwan da ya zo kallo shi ne zai iske shi a famfon gidansa.