Tabon Da Annobar Korona Ta Bar Wa Jama'a

Ran 27 ga watan Fabrairu, 2020, aka tabbatar da ɓullar cutar korona a Ikko. Ran 30 ga Maris gwamnatin tarayya ta hana fita a Ikko da Ogun da Abuja, cikin Afrilu kuma dokar ta iso Kano.

Ba jiki kaɗai annobar ta taɓa ba. Tsoro ya shiga zukata, har mutum ya riƙa ɗari-ɗarin miƙa wa ɗan'uwansa hannu. Aka rufe masallatan Juma'a, aka taƙaita jana'iza da zaman makoki, watau inda mai baƙin ciki yakan sami sanyin zuciya. Hajjin shekarar ma babu maniyyacin da ya tashi daga Nijeriya.

Shi kuwa talaka mai hannu baka hannu ƙwarya, kamar ɗan dako da mai shayi, yunwa ta fi cutar ba shi tsoro. Gwamnonin Arewa suka yi ta kwasar almajirai a motoci suna mayar da su jihohinsu. Cikin Oktoba kuma jama'a suka fasa rumbunan kayan tallafi a Jos da Ikko, suna zargin an ɓoye musu haƙƙinsu.

A watan Mayu, 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matsayin gaggawa da ta ba cutar. Amma yardar da ta raunana tsakanin talaka da shugabanni ba ta da allura. In ba a gyara ta ba, ranar da wata annobar ta zo, wa zai saurari hukuma? Allah ya kiyaye.