Koyar da Fiziks da Kwamfuta a Ɗakin Gwaje-gwajen Jami'a

Ilimin fiziks, wato binciken dokokin da ke tafiyar da motsi da zafi da haske da lantarki, ya shafe ƙarnoni yana tsaye a kan ƙafa biyu: gwajin da ake yi da hannu a auna sakamakonsa, da nazarin da ake yi da alƙalami a kan takarda. Ƙafa ta uku ta fito ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da aka kammala ƙera kwamfutar ENIAC a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka a 1945, masana kuma suka fara ɗora wa na'ura lissafin da ya fi ƙarfin hannu. A 1953, a cibiyar bincike ta Los Alamos, Enrico Fermi da John Pasta da Stanislaw Ulam suka tsara wani gwaji wanda babu ƙarfe ko waya a cikinsa, sai jerin ƙwayoyi na zato da aka haɗa da sifirin, Mary Tsingou kuma ta rubuta umarnin da kwamfutar MANIAC ta bi. Sun yi tsammanin makamashin da aka zuba a farkon motsin zai watsu daidai-wa-daida a cikin jerin, sai ga shi bayan wani lokaci ya tattaru ya koma kusan yadda ya fara. Wannan sakamako, wanda aka rubuta rahotonsa a 1955, ya nuna cewa kwamfuta za ta iya zama wurin gano abin da ba a sani ba, kuma daga irinsa ne fannin da ake kira fiziks na lissafin kwamfuta ya kafu.

Dalilin shigar da fannin cikin karatun digiri na farko yana da nauyi. Akasarin jumlolin lissafi da ke bayyana halittu ba su da amsar da za a iya rubutawa a layi ɗaya. Dokokin Newton suna ba da cikakkiyar amsa idan rana da duniya guda kaɗai ake magana, amma da zarar an ƙara ta uku sai al'amarin ya rikice, kamar yadda Henri Poincaré na Faransa ya nuna a ƙarshen ƙarni na 19. Saboda haka littattafan aji suka saba zaɓar 'yan matsalolin da ke warwaruwa, suna umartar ɗalibi ya ɗauka babu iska, babu gogayya, igiya kuma ba ta da nauyi, har ya kammala karatu yana zaton haka duniya take.

Misalin da ake yawan koyarwa da shi shi ne lilo, wato ɗan ƙarfe da aka rataya a zare yana kai da kawowa. Ƙa'idar da ake haddacewa tun sakandare ta ce lilon da tsawonsa mita ɗaya ne yana ɗaukar kimanin daƙiƙa 2 kafin ya je ya dawo, kuma nisan da aka ja shi ba ya canza wannan lokaci. Gaskiyar ƙa'idar ta tsaya ne ga ƙaramin ja, domin idan aka ɗaga ƙarfen har zaren ya miƙe a kwance, wato digiri 90, lokacin yana ƙaruwa da kimanin kashi 18 cikin ɗari, lissafin wannan kuwa ya wuce abin da ɗalibin shekarar farko zai yi da alƙalami. A ɗakin kwamfuta ana bi ta wata hanya: a yayyanka lokaci gutsi-gutsi, misali kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, a kowane gutsure a lissafa ƙarfin da ke jan ƙarfen, a yi amfani da shi a sabunta saurinsa da wurin da yake, sannan a maimaita sau dubbai. Leonhard Euler ne ya bayyana wannan dabara a 1768, kuma umarninta a harshen kwamfuta bai wuce layi goma sha wani abu ba.

A nan ne darasin gaske yake farawa. Ɗalibin da ya bi dabarar Euler yadda take zai ga lilonsa a kan allo yana ƙara nisa a kowace kai da kawowa, alhali babu mai tura shi, idan kuma duniya ce ya sa ta zagaya rana, sai ya ga tana faɗaɗa da'irarta tana neman ɓacewa. Kwamfutar ba ta nuna alamar kuskure ba, zanen ya fito sumul, amma sakamakon ya saɓa wa dokar adana makamashi, wadda ta ce makamashi ba ya samuwa daga babu. Laifin yana cikin dabarar kanta, domin a kowane taku tana ƙara ɗan makamashin da babu shi, kuma ƙanƙanta takun yana rage ɓarnar ne kawai. A 1981 Alan Cromer ya wallafa bayanin gyara mai sauƙin gaske: a fara sabunta sauri, sannan a yi amfani da sabon saurin wajen sabunta wuri. Sauya tsarin layi biyu ke nan, amma lilon zai daina hauhawa. Malamin da ya san aikinsa ba ya gaggawar faɗar gyaran. Yakan bar ɗalibi ya zana jadawalin makamashin da kansa ya ga yana hawa, saboda abin da ido ya gani ya fi zama a zuciya fiye da gargaɗin da kunne ya ji.

Daga nan ake koyar da tambayoyin da ya wajaba a yi wa kowane sakamako. Idan aka raba takun lokaci biyu, amsar ta canza ko ta tsaya? A dabarar Euler raba taku biyu yana rage kuskure da rabi, a dabarar da Carl Runge da Martin Kutta na Jamus suka gina tsakanin 1895 da 1901 kuwa, a sigarta da aka fi amfani da ita, kuskuren yana raguwa kusan ninki 16, kuma ɗalibi na iya auna wannan da kansa. Idan aka mayar da jan lilon ƙarami, amsar ta dace da daƙiƙa 2 da aka sani? Manhajar da ta kasa fitar da amsar da aka riga aka sani ba ta cancanci a yarda da ita a kan wadda ba a sani ba.

Akwai kuma kuskuren da ke fitowa daga yadda kwamfuta ke ajiye lambobi. Da sifili da ɗaya kawai take ƙirga, gurbin ajiyarta kuma yana da iyaka, don haka lamba mai sauƙi kamar 0.1 ba ta zama cif a cikinta. Wanda ya tara 0.1 da 0.2 a harshen Python zai ga 0.30000000000000004. Sau da yawa wannan ɗan bambanci ba ya cutarwa, amma akwai tsare-tsaren da ke kumbura shi. A 1961 Edward Lorenz, masanin yanayi a cibiyar MIT, ya sake gudanar da wani lissafin yanayi ya shigar da 0.506 a madadin 0.506127, sai yanayin da kwamfutar ta fitar ya rabu da na farko gaba ɗaya bayan wani lokaci. Ɗalibai kan maimaita irin wannan da lilo mai gaɓa biyu, su ga yadda farawa biyu da ido ba zai bambanta ba suke ƙarewa a wurare mabambanta, su kuma fahimci abin da ya sa hasashen yanayi na kwanaki masu yawa yake da iyaka.

Koyar da wannan fanni ya fi koyar da sauran darussan fiziks wahala, domin abu uku ɗalibi yake koyo a lokaci guda: fiziks, da dabarun lissafi, da harshen kwamfuta. Awanni da dama na zaman ɗakin gwaje-gwaje suna tafiya ne wajen neman waƙafin da aka manta ko layin da aka karkata, wanda bai taɓa rubuta umarni ba kuma yakan karaya tun kafin ya kai ga fiziks ɗin. Jami'ar Oslo ta Norway ta magance wannan ta hanyar koyar da Python tun zangon farko, tare da misalan kimiyya, sannan ta saka aikin kwamfuta a cikin darussan motsi da na lantarki da ke biyo baya, ta yadda ba zai zama kwas guda da za a ci jarrabawarsa a manta ba. Jami'ar Jihar Oregon a Amurka, ƙarƙashin jagorancin Rubin Landau, ta buɗe digiri na musamman a fannin a farkon shekarun 2000, sannan a 2016 ƙungiyar malaman fiziks ta Amurka ta fitar da shawarwarin shigar da lissafin kwamfuta cikin manhajar digiri na farko. Tsarin Oslo ya fi dacewa da yawancin jami'o'i, tunda duk ɗalibin fiziks ne ke buƙatar wannan ƙwarewa, ko da ba zai ƙware a fannin ba.

Batun auna fahimta shi ma ya ƙara tsanani tun da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka iya rubuta umarnin lilo cikin daƙiƙu. Umarnin da ya yi aiki ya daina zama shaidar cewa mai miƙa shi ya gane. Abin da ya rage wa malami shi ne ya nemi rahoto irin na ɗakin gwaji, inda ɗalibi zai faɗi zaton da ya gina lissafinsa a kai, da gwaje-gwajen da ya yi wa manhajarsa, da girman kuskuren da yake tsammani, sannan ya zauna da shi ya ce masa ya ƙara turjiyar iska a cikin lissafin a gabansa.

Ga jami'o'in Najeriya da Nijar, inda kayan gwaji ke da tsada kuma gyaransu ke da wuya, fannin yana da wani amfani na daban. Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, kyauta ne, haka ma ɗakunan ajiyar umarninsa na lissafi da zane, kuma da zarar an sauke su ba sa buƙatar intanet. ENIAC, mai nauyin kusan tan 30, tana tara lambobi 5,000 ne a daƙiƙa, tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa tana yin miliyoyi a cikin wannan lokaci, don haka duk gwaje-gwajen da aka ambata a sama ba su fi ƙarfinta ba. Manyan cikas su ne wutar lantarki, da yawan ɗalibai a kan na'ura guda, da ƙarancin malaman da suka yi wannan aiki da hannunsu. Akwai kuma haɗarin da ya kamata hukumomi su kiyaye, wato su ɗauki allo a matsayin madadin ɗakin gwaji na zahiri don tsimin kuɗi. Kwamfuta tana fitar da abin da ke cikin dokokin da aka ba ta ne kawai, kuma awo ne kaɗai zai nuna ko dokokin sun dace da duniya. Kwas ɗin ya fi armashi idan ɗaliban suka rataya ɗan ƙarfe a zare mai tsawon mita ɗaya, suka ja shi zuwa digiri 10 da 45 da 90, suka auna lokacin da agogon wayarsu, sannan suka ajiye lambobin da suka samu kusa da waɗanda manhajarsu ta fitar, su nemi dalilin duk wani saɓani da ya bayyana.