Rufe iyaka: Abin da bincike ya nuna kan fasa-ƙwauri a yankin Bagudo

A watan Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa don daƙile fasa-ƙwaurin shinkafa. Matakin ya shafi Tsamiya da ke ƙaramar hukumar Bagudo, dab da Segbana ta Jamhuriyar Benin. A Nuwamba kuma aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka.

Masanin tattalin arziki Stephen Golub, wanda ya daɗe yana nazarin cinikin Benin da Najeriya, ya nuna cewa tsadar haraji da haramta shigo da kaya ne ke raya fasa-ƙwauri. Muddin shinkafa ta fi araha a tsallake, ɗan babur zai bi ta daji.

Alƙaluman hukumar ƙididdiga sun nuna hauhawar farashin abinci ta tashi daga kashi 13.17 a Agustan 2019 zuwa 19.56 a Disamban 2020, kodayake korona ma ta taka rawa.