Wane Fim Ya Dace da Tsohuwar Kyamara Mai Naɗewa a Kakar Turai?

A watan Oktoba, itatuwan Turai da arewacin Amurka da Japan kan janye koren sinadarin ganyensu, sai rawaya ya bayyana, wasu kuma su rine ja wur. Masu son ɗaukar wannan da tsofaffin kyamarori masu naɗewa, irin Ikonta ta kamfanin Zeiss Ikon da ta fito a 1929 ko Isolette ta Agfa, suna da hujja. Kyamarar tana shiga aljihun riga, amma tana cin fim mai lamba 120 da Kodak ya ƙirƙiro a 1901, kuma hoton santimita 6 da 9 da wasu daga cikinsu ke ɗauka ya ninka na fim ɗin milimita 35 fiye da sau biyar, har jijiyar ganye tana fitowa.

Fim ɗin da ya dace da ita nagatif ne, kamar Kodak Ektar 100. Wasu za su ce Velvia ta Fujifilm, wadda ta fito a 1990, ta fi fitar da ja da rawaya. Gaskiya ne, sai dai Velvia silaid ce, ba ta yafe kuskuren haske. Marufin idon kyamarar da ta haura shekara saba'in yakan yi nawa saboda man cikinsa ya daskare, haske ya shiga fiye da kima, launin ya koɗe. Nagatif yana jure wannan. Abin da babu fim ɗin da zai jure shi ne huda a zugazugin kyamarar, don haka mai saye ya haska shi da tocila a ɗaki mai duhu kafin ya sa fim.