Kafin a sari kwamfuta ko salula: a san babbar manhajar da ke cikinta

Duk mai bin hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa har Jibiya, ko ta Birnin Konni zuwa Illela, ko kuwa ta Magarya zuwa Ɓaɓura, ya san cewa kwamfuta da wayar salula sun shiga sahun kayan da ake sara kamar atamfa da takalma. Wasu daga Kano ake ɗauko su, wasu daga Legas ko Kwatano, wasu kuma ƴan'uwanmu ne ke aiko su daga Faransa ko Dubai. Da yawa daga cikinsu na hannu ne, watau an riga an yi aiki da su a wata ƙasa kafin su iso gare mu.

Idan mun je sari, abin da muke dubawa sananne ne: gilashi bai tsage ba, batir yana riƙe caji, jiki bai ƙuje ba. To amma akwai wani abu da ba a ganinsa a jikin na'ura, kuma shi ne yake sa mai saye ya dawo bayan mako biyu da kaya a hannu yana cewa: "Alhaji, wayar nan fa ta ƙi karɓar WhatsApp." Wannan abu shi ne babbar manhaja, wadda masu gyara a kasuwanninmu ke kira sistem. A kanta za mu yi bayani a wannan shafi, domin wanda ya sari na'ura bai san babbar manhajar da ke cikinta ba, ya yi cinikin biri a sama.

Mece ce babbar manhaja?

Kowace kwamfuta kashi biyu ce. Akwai ƙarfe da roba da wayoyi, waɗanda hannu ke taɓawa. Akwai kuma manhajoji, watau jerin umarnin da aka rubuta domin na'urar ta bi. Manhajoji su ma iri biyu ne. Akwai ƙanana masu aiki guda, kamar Word na rubutu, Excel na lissafi, ko WhatsApp na aika saƙo. Sannan akwai babba guda ɗaya wadda dukkansu ke zaune a kanta. Ita ce take ɗaukar ragamar na'ura jim kaɗan bayan an kunna ta, kuma ba ta saki sai an kashe.

Waɗanda suka fi yawa a hannun jama'a su ne Windows na kamfanin Microsoft, da macOS da iOS na kamfanin Apple, da Android na Google, da kuma Linux. Manyan wayoyin Tecno, Itel da Infinix masu gilashin taɓawa da suka cika rumfunanmu Android ne a cikinsu, sai dai kowane ya yi masa nasa ado. Har injinan cire kuɗi da kati da muke gani a bakin iyaka, da yawa daga cikin masu babban gilashi Android suke aiki da shi.

Aikin sarkin kasuwa

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar aikin babbar manhaja ita ce mu dubi sarkin kasuwa. Ba shi ke saye da sayarwa ba, amma in babu shi ciniki ba ya yiwuwa cikin lumana.

Aikinta na farko shi ne rabon lokaci. A cikin na'ura akwai ɗan ƙarfen da ke yin dukkan lissafi, wanda ake kira furosesa. Idan kana sauraren rediyo a waya, kana rubuta saƙo, ga kuma kira yana shigowa, kowane aiki yana neman furosesan nan. Babbar manhaja ce ke ba kowa ɗan lokacinsa bi da bi, cikin saurin da mutum zai zaci duk a tare suke tafiya.

Na biyu shi ne rabon wuri. Na'ura tana da wurin ajiya iri biyu. Akwai ram, wanda ya yi kama da teburin da ɗan kasuwa ke baza haja a kai: yana kusa da hannu, amma da an kashe na'ura an kwashe komai. Akwai kuma ma'adana, wadda ta yi kama da sito, inda kaya ke kwana. Babbar manhaja ce ke ba kowace ƙaramar manhaja nata gefen tebur, ta kuma hana wata shiga gefen wata. Idan teburin ya cika, sai ta riƙa kai kaya sito tana dawo da su, ko ta rufe wasu manhajojin. Wannan yana daga cikin dalilan da ke sa na'ura mai ƙaramin ram take yin nauyi idan an buɗe abubuwa da yawa.

Na uku shi ne riƙon littafin sito. Kowane hoto, kowace takardar lissafi, ita ce ta san sunansu da inda ta ajiye su. Shi ya sa ba a son a fizge filas daga jikin kwamfuta tana cikin rubutu a kai, domin za a iya katse ta bayan ta ajiye rabin kaya ba ta gama rubuta littafin ba.

Na huɗu shi ne tafinta. Injin buga takarda, kamara, lasifika, kowane da harshensa. Akwai ƴan ƙananan manhajoji da masu gyara ke kira direba, waɗanda ta hanyarsu babbar manhaja ke magana da waɗannan kayayyaki. Idan injin buga takarda ya ƙi aiki da sabuwar kwamfuta, sau da yawa lafiyarsa ƙalau, direbansa ne babu.

Na biyar shi ne gadi. Ita ce ke tambayar lambar sirri, ita ce kuma ke tambayarka ko ka yarda wata manhaja ta ga lambobin mutanenka ko ta karanta saƙonninka. A wannan zamani da kuɗin ciniki ke yawo ta waya tsakanin naira da sefa, wannan aiki ya fi kowane nauyi.

Daga ina suka fito?

Tsarin Unix, wanda ya zama tushen da yawa daga cikin na yau, an fara shi ne a 1969 a Amurka, a hannun Ken Thompson da Dennis Ritchie. A 1981 kamfanin IBM ya fito da kwamfutarsa ta tebur ɗauke da DOS na Microsoft, wanda sai an rubuta masa umarni harafi bayan harafi. Windows na farko ya fito a 1985. A 1991 wani ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara Linux, ya kuma bar shi a buɗe ga kowa. A kan tushen Linux ɗin nan aka gina Android, wanda wayarsa ta farko ta fito a 2008, shekara guda bayan iPhone. Ke nan duk mai riƙe da Tecno mai Android a aljihu yana riƙe da jikan aikin ɗalibin nan.

Ita ma tana da wa'adi

Ga inda maganar ta shafi aljihunmu. Babbar manhaja ba a gama gininta rana ɗaya. Kullum ana gano ɓaraka a cikinta, inda ɓarayin intanet za su iya kutsawa, kamfani kuma yana aiko da gyara. Microsoft yana aiko da nasa ranar Talata ta biyu ta kowane wata. Amma kamfani ba ya yin haka har abada. Windows XP da ya fito a 2001 an daina kula da shi ranar 8 ga Afrilu, 2014. Windows 7 an daina ranar 14 ga Janairu, 2020. Windows 10 da ya fito a 2015, wa'adinsa ya cika ranar 14 ga Oktoba, 2025. Kamfanin ya buɗe wani shiri na ƙarin lokaci ga masu amfani a gida waɗanda suka yi rajista, wanda ya sanya wa iyaka 13 ga Oktoba, 2026.

Kada a fahimce mu ba daidai ba. Kwamfutar da wa'adin manhajarta ya cika ba ta mutuwa. Za ta kunnu, za ta yi rubutu da lissafi. Abin da ya canza shi ne mai gadi ya tafi gida, duk ƙofar da aka gano a buɗe daga ranar nan haka za ta zauna. An ga illar rashin gyara a watan Mayu na 2017, lokacin da wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kimanin 150, har da na asibitocin Ingila, tana neman kuɗin fansa. Alhali tun watan Maris na shekarar Microsoft ya fitar da gyaran wannan ɓaraka, waɗanda abin ya shafa ba su sanya shi ba ne.

To me zai hana a ɗora Windows 11, wanda ya fito a watan Oktoba na 2021? Ba kowace kwamfuta ke cika sharuɗɗansa ba. Yana bukatar ram aƙalla gigabait 4, ma'adana gigabait 64, da wani ɗan abin tsaro mai suna TPM 2.0. A ɓangaren furosesan Intel kuwa, galibi sai na zubi na takwas zuwa sama, wanda ya fara fitowa a 2017. Ma'ana, kwamfutar da ta girmi wannan, ko da jikinta yana ƙyalli, an bar ta a baya. Ofisoshin ƙasashen waje da suka sauya nasu, tsofaffin ba ɓacewa suke yi ba, kasuwar kayan hannu suke shiga. Saboda haka idan aka yi maka tayin kwamfutoci masu kyau da arahar da ta ba ka mamaki, wannan ce tambayar farko da za ka yi. Wasu masu gyara suna iya cusa Windows 11 da dabara a tsohuwar kwamfuta, amma Microsoft ya faɗi cewa bai ɗauki alkawarin ci gaba da aika wa irin wannan gyara ba.

A ɓangaren waya ma haka ne. Daga 24 ga Oktoba, 2023, WhatsApp ya daina aiki a wayar da Android ɗinta bai kai na 5 ba, kuma irin wannan iyaka gaba take matsawa. Wayoyin Huawei da aka ƙera bayan takunkumin da Amurka ta sanya wa kamfanin a 2019 ba su zuwa da Play Store na Google, abin da ya kamata mai saye ya ji daga bakinka kafin ya biya.

Abin dubawa kafin a ƙirga kuɗi

A kwamfuta mai Windows, a danna maɓallin da ke da tutar Windows tare da harafin R, a rubuta winver, a danna Enter. Nan take za ta faɗi irin Windows ɗin da ke cikinta. Sannan a dubi lambar furosesa. Idan an ga i5-6300U, wannan 6 ɗin na nufin zubi na shida ne, bai kai ba. Idan an ga i5-8250U, na takwas ne, ya kai. Masu farawa da 10, 11 ko 12 sun fi sabunta, mai lamba uku kacal kuwa, kamar i5-520M, tsohuwa ce ainun.

A waya, a shiga Settings, ko Paramètres idan da Faransanci take, a je inda aka ba da bayanin wayar, a ga lambar Android da ranar gyaran tsaro na ƙarshe. Kuma lallai a tabbatar mai ita na farko ya cire asusunsa. Tun 2013 iPhone yake kulle kansa da asusun iCloud na mai shi, Android ma ya kawo irin wannan a 2015. Wayar da aka goge ba a cire asusun ba, za ta tsaya tana neman lambar sirrin mutumin da ba za ka taɓa gani ba. Wani lokaci ma alama ce ta kayan sata.

Akwai kuma matsalar da mu mazauna iyaka muka fi kowa sani. Kwamfutar da ta fito daga Faransa haruffanta na sama da AZERTY suke farawa, ta ƙasashen Ingilishi kuwa da QWERTY. Wannan ba aibi ba ne. A cikin babbar manhaja ake sauya tsarin maɓallan, sai a manna takardar haruffa a kansu. Ta nan ne kuma ake zaɓen tsarin rubutun Hausa, domin a samu ƙ, ɗ da ɓ.

Tsohuwar haja ba asara ba ce

Wanda ya riga ya tara irin waɗannan kwamfutoci kada hankalinsa ya tashi. Mai shagon buga takardu da ba ya haɗa na'urarsa da intanet, ko ɗalibin da ke koyon rubutu, za su amfana da su, muddin suna hattara da filas ɗin da ake sokawa. Ana kuma iya ɗora musu Linux, kamar Ubuntu ko Linux Mint, waɗanda kyauta ne, ana ci gaba da yi musu gyara, kuma suna tafiya a tsofaffin na'urori. Manhajar LibreOffice da ke aiki a kansu tana buɗe takardun Word da Excel. Sai dai a gaya wa mai saye cewa wasu manhajojin da aka yi domin Windows kaɗai ba za su yi aiki a kai ba.

Abin da bai dace ba shi ne a sayar wa mai hada-hadar kuɗi ta intanet na'urar da gadinta ya ƙare, a yi shiru. Kasuwar iyaka da amana take tafiya: mutum zai zo daga Tasawa ko Katsina ya ba ka jika ɗari biyu a kan maganarka kawai. Idan ka ce masa, "Malam, wannan ta rubutu ce, waccan kuwa ita ce ta harkar kuɗi, ga bambancin farashinsu," ka sayar da kaya kuma ka riƙe abokin ciniki. Minti biyu na dubawa a wurin sari ya fi gardamar mako guda a gaban sarkin kasuwa.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya kai kowa gida lafiya.