Jirgin Alfarma Da Matar Da Ta Yi Jiran Shekara 25

Na san da yawanku kun sha ganinsa a fim ɗin Indiya ko a waya: wani farin jirgin ruwa tangameme, fitilu tar kamar rana, ango riƙe da hannun amaryarsa a can saman bene, iska tana kaɗa mata gyale. Sai ki ji budurwa ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Allah Ka ba ni mijin da zai kai ni nan!" To amin, 'yar uwa. Amma kafin mijin ya bayyana, taso in zaga da ke a irin wannan jirgi, mu leƙa tsofaffin garuruwa uku na gaɓar tekun Adiriyatik, wani reshe na Bahar Rum da ya ratsa tsakanin Italiya da ƙasashen Balkan. A zango na ƙarshe akwai wata baiwar Allah da nake son ki sani.

Cikin jirgin

Ke dai bari! Jirgin nan otal ne sukutum da yake tafiya a kan ruwa. Akwai ɗakunan kwana masu baranda, ki buɗe labule ki ga teku iya ganinki. Akwai wurin ninƙaya, ɗakin kallo, kantuna, wurin gyaran gashi, har da likita. Abinci kuwa sai wanda ranki yake so, sai dai 'yar Musulmi ta riƙa tambaya kafin ta kai loma, domin naman alade da giya ba sa yankewa a teburinsu. Girman wasu jiragen ya wuce misali. Akwai wani mai suna Icon of the Seas da ya fara aiki a 2024 daga Miyami ta Amurka, tsawonsa kusan mita 365, yana iya kwasar fasinja sama da 7,000. Amma na manyan attajirai ƙanana ne, mutum 'yan ɗaruruwa kawai suke ɗauka, kuɗinsu kuma ya fi tsada nesa ba kusa ba.

Yawanci tafiyar ta kwana bakwai ce. Jirgi ya yi ta gudu da daddare kina barci, gari na wayewa ki tsinci kanki a bakin wani sabon gari. A ba ki 'yan sa'o'i ki zaga, kafin magariba kowa ya dawo, a ɗaga.

Benis, garin da babu mota

Daga Benis ta Italiya za mu tashi. An gina garin nan ne a kan ƙananan tsibirai 118, aka haɗe su da gadoji sama da 400, gidajen kuma suna zaune a kan turakun itace da aka kafa cikin laka. A tsohon garin babu mota. Hanyoyinsu ruwa ne, sai 'yan lunguna na tafiyar ƙafa. Wanda ke son shaƙatawa da masoyiyarsa sai ya ɗauki hayar wani baƙin kwalekwale siriri da suke kira gondola.

Kada ki ɗauka ba mu da alaƙa da su. Duwatsun ado na gilashi da ake yi a tsibirinsu na Murano sun daɗe suna shigowa kasuwannin Afirka ta Yamma. Haka nan takardar nan mai tambarin jinjirin wata uku, wadda malamanmu na da suka rubuta Alƙur'ani da littattafai a kanta, daga wannan yanki na Italiya ake yin da yawanta, fatake su ƙetaro da ita Sahara.

Sai dai mutanen Benis sun gaji da baƙi. A 1951 mazauna tsohon garin sun kai wajen 175,000, amma a 2022 sun gaza 50,000, domin gidaje sun koma masaukin 'yan yawon buɗe ido, haya ta gagari talaka. A watan Yuni na 2019 wani ƙaton jirgi ya ƙwace ya daki gaɓa tare da wani ƙaramin jirgi a tsakiyar garin. Daga 1 ga Agusta, 2021 gwamnatin Italiya ta hana manyan jirage ratsawa ta wannan mashigi. Kin ji fa, abin da yake daɗi ga baƙo, ciwon kai ne ga mai gida.

Dubrobnik, gari mai ganuwa

Zangonmu na gaba shi ne Dubrobnik ta ƙasar Kuroshiya. Tun daga nesa za ki hango ganuwar dutse ta kewaye garin, tsawonta kusan kilomita biyu, ana hawa kanta a zaga kamar yadda yara ke hawa badala a Kano. Rufin gidajen duk jajaye ne, ga shuɗin teku a gefe, abin sai wanda ya gani.

A da sunan garin Ragusa, ƙasa ce mai cin gashin kanta ta 'yan kasuwar teku. A 1377, lokacin da annoba ke cin mutane a Turai, suka kafa doka cewa duk wanda ya fito daga inda ake ciwon sai ya yi kwana 30 a keɓe kafin ya shigo gari. Killacewar da muka sha a zamanin korona, su sun san ta tun tuni. A 1416 suka haramta cinikin bayi. Akwai kuma wani kantin magani a garin da yake aiki tun 1317.

Garin ya ga jarrabawa. Girgizar ƙasa ta rusa mafi yawansa a 1667, sannan a 1991, lokacin yaƙin wargajewar Yugoslabiya, aka yi masa ruwan bama-bamai. Shi ya sa idan kin duba daga saman ganuwa za ki ga jan wasu rufin ya fi na wasu haske. Sababbin su ne waɗanda aka gyara bayan yaƙi. Baƙo mai sauri hoto kawai zai ɗauka ya wuce, bai san abin da rufin yake faɗa ba.

Kotor da tsibirin masu jira

Da asuba jirgi zai kutsa wani lungun teku a ƙasar Montenegiro, duwatsu dogaye dama da hagu, ruwa kwance lumui kamar madubi. A ƙuryarsa garin Kotor yake, mai kyanwoyi birjik a kowane lungu, da matakala kusan 1,350 zuwa tsohon sansanin da ke saman dutse.

Amma kafin a kai Kotor akwai wani ɗan gari mai suna Perast, garin matuƙan jirgin ruwa. A gabansa akwai ɗan tsibirin da mutane suka gina da hannunsu, ta hanyar jefa duwatsu da nutsar da tsofaffin jirage, suka ɗora coci a kai. Har yanzu duk ranar 22 ga Yuli sukan fita da kwalekwale su ƙara jefa duwatsu.

A ɗakin ajiyar kayan tarihi na wurin akwai wani ɗan ƙyalle mai surfani, aikin wata mace 'yar garin mai suna Jacinta Kunić-Mijović. Masoyinta ya tafi doguwar tafiyar teku, ita kuma ta ɗauki allura ta zauna jira. Shekara 25 tana wannan aiki, da zaren zinariya da na azurfa, har da gashin kanta. Idan kika ƙura ido za ki ga gashin da ta fara da shi mai duhu ne, na ƙarshe kuwa furfura. Ta gama a 1828, idanunta kuma suka tafi a kan aikin. Masu ba da labarin a garin da yawa suna cewa bai dawo ba. Allah Sarki!

Masu jira ba su ƙare ba

Idan kin koma jirgi da yamma, dubi wanda ya gyara miki gado da wadda ta kawo miki shayi. Da yawansu 'yan Filifin ne da Indonesiya da Indiya. Sukan yi wata shida zuwa tara a ruwa, aiki kullum, suna kwana a 'yan ɗakuna can ƙasan jirgi. Kowannensu ya baro wata a gida, uwa ko mata ko 'ya, tana ƙirga kwanaki. Daɗin da kike ji a sama, da kewarsu aka biya shi.

To 'yar uwa, ban ce ki zauna ki makance don wani ɗa namiji ba, kuma ban hana ki burin shiga jirgin alfarma ba. Abin da nake so ki lura shi ne, yau kusan shekara 200 ke nan, attajirai suna saukowa daga jirgi su yi layi don ganin aikin hannun Jacinta, sunanta kuma shi ake ambata. Ta yi jira, amma hannunta bai zauna banza ba. Ke da kike aji uku ko aji shida kina jiran mai ƙatuwar mota, me ke hannunki? Riƙe karatunki da kyau, ki koyi ɗinki ko saƙa ko wata sana'a. In mijin kirki ya zo ya same ki da abinki, alhamdu lillahi. In kuma ya yi jinkiri, wa ya sani ko da kuɗin guminki za ki yanki tikitin, har ki ɗauki Inna ku tafi tare?

Allah Ya haɗa mu da masu ƙaunarmu tsakani da Allah. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.